Kawu Mai Cida

"Ruwan yanzu ba ya sallama," in ji Kawu, ranar da na fara hawa rufin bayan dawowata daga karatu. Yana maganar yana matse zanen gado, ya maƙala gefe ɗaya a ƙarfen tankin ruwa, yana murɗa ɗayan da hannu biyu. "Da can hadari sai ya yi gyaran murya tun daga nesa. Yanzu kana cikin shanya sai ka ji shi a wuyanka."

Kawu yayan mahaifiyata ne, wanki da guga ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Shagonsa yana ƙasan wani bene mai hawa uku, ɗakin kwanansa yana bayan shagon, rufin benen kuma, wanda shafaffen siminti ne, nan yake wanki da shanya. Ya shigo garin yana saurayi, ya koyi aikin a hannun wani tsoho, da tsohon ya rasu ya gaji bahonsa da dutsen gugarsa. Makullin rufin yana rataye a wuyansa da igiya tun ginin yana sabo. Masu haya sun zo sun tafi, an sayar da benen ma sau ɗaya, sabon mai gida ya tarar da Kawu a sama kamar yadda ya tarar da tanki, bai taɓa ko ɗaya ba.

Ga yawancin mutane duk ƙarar da sama ta yi tsawa ce. Kawu bai yarda da haka ba. Tsawa, a wurinsa, ita ce mai fasa kunne, wadda in ka ji ta ruwa ya riga ya iso ƙofa. Cida kuwa ita ce gurnanin nan na can nesa, mai kama da ana jan tebur a gidan maƙwabta, wanda ke zuwa tun rana tana nan tana haska. Mai wanki da cida yake aiki, don tsakaninta da ɗigon farko akwai sararin kwashe igiya bakwai ko takwas a tsanake. "Tsawa," yakan ce, "jaje kawai take zuwa yi maka."

A nan ya samo sunansa. Unguwar duk Mai Cida take kiransa, har yara ba su san yana da wani suna ba. In yana sama, sai ka ga ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa kusa da kunnensa, ya ce, "Cida," ya fara kwashe kaya. Matan da ke shanya a baranda ba sa duban gabas, rufinsa suke duba. Tela na ƙetaren titi yakan shigar da kekensa, mai sayar da littattafai a bakin hanya ya jawo leda. Akwai shekarar da wani mai bulo ya riƙa aiko da tambaya kowace safiya ko ya buga ko ya jira, Kawu ya ce a gaya masa shi mai wanki ne, ba boka ba.

Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ke guga a ƙasa. Teburinta yana jikin taga, dab da ƙasan matakala. Mace ce marar yawan magana, mai ƙoƙon gwiwa da ke damunta, kullum gefen zanenta da tabon gawayi. Shi yana sama da ruwa, ita tana ƙasa da wuta, kwando ne ke kai da kawo tsakaninsu: wani faffaɗan kwandon roba shuɗi da aka ɗaure hannunsa ɗaya da waya. Ina can ƙasar da na yi karatu, inda ruwa yayyafi ne na kwana da kwanaki ba hayaniya, aka bugo mini waya cewa Inna ta rasu. Na yi wa Kawu gaisuwa ta waya. Na yi ta magana, shi kuma yana ta cewa "Madalla, madalla," a wuraren da madalla ba ta dace ba. Na ɗauka baƙin ciki ne.

Da na dawo na tarar damina biyu ta wuce masa da asara. Sau da yawa ruwa ya kama shi da igiyoyi cike. Ba jiƙewar ce matsala ba, iskar da ke gaban ruwan ce: ta fizge kaya ta watsa su a titi, cikin kwata, wasu a kan wayar lantarki. Masu kawo riguna sun ragu. Babban aikin da ya rage masa shi ne zannuwan gadon wani ƙaramin otel na bayan tasha, manajar otel ɗin kuma ta ce in aka sake kawo mata farin zane da hatimin taɓo, za ta kai wa masu injin wanki.

'Yarsa tilo ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har shi. Ita ba zannuwan ne suka dame ta ba. Mutum mai shekarun Kawu yana gudu a kan jiƙaƙƙen siminti, da kaya a rungume har ba ya ganin gabansa, a rufin da katangarsa ba ta wuce gwiwa ba: wannan ne ke hana ta sukuni. Ta gyara masa ɗaki a gidanta, a ƙasa, ba matakala ko ɗaya. Ya ƙi. Ya ce laifin ba nasa ba ne, sama ce ta canza hali, kuma in ya ɗan ƙara sabawa da sabon halinta zai gane lagonta.

Ni kuwa na yarda da shi, don maganarsa ta zo daidai da abin da nake gani a wurin aiki. Na samu aiki a ofishin da ke tsara magudanan ruwa na gari, kuma kusan kowane mako sai mun je duba wata kwalbati da aka gina tun zamanin iyayenmu, wadda a da take ɗaukar ruwan unguwa ba gardama, yanzu kuma take amai a kan titi. Na ce a raina, in zubar ruwa ta canza, me zai hana muryar hadari ta canza? Ga kuma shaida a gidanmu, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana sauraron sama.

"Ka ji Malam Ƙanƙara," in ji Nas da na faɗa mata. Taubashiyata ce, tun da na dawo daga ƙasar sanyi take kirana da wannan suna. "An tura ka karatu ka dawo kana ɗaure wa tsoho gindi. To je ka tambayo masu ilimin, mu muna nan muna jiran ranar da za a kwaso mana shi a titi."

Na je. A ofishin yanayi da ke filin jirgin sama na samu wata mata da ta daɗe a aikin, ta ba ni kujera kusa da taga, ta saurare ni har na gama. Ta ce yadda suke ƙirga ranakun tsawa ba wani abin mamaki ba ne: wanda ke bakin aiki ya ji da kunnensa, shi ke nan, an ce ranar an yi. Cida da tsawa duk abu ɗaya ne a wurinsu.

"Mu dai a nan ba mu ga ta ragu ba," ta ce. "Wata shekarar ta yi yawa, wata ta ja baya, amma in ka dubi tsawon lokaci tana nan. In akwai abin da nake zargin ya canza, saukar ruwan ce. Abin da a da zai wuni yana zuba, yanzu sai ya juye maka shi kafin ka gama neman lema. Yawan tsawa daban, yawan ruwa daban, ba kullum suke tafiya tare ba. Kuma ka yi hattara da shaidar kunne. Gari ya cika da janareto da manyan motoci." Ta dube ni ta saman tabarau. "Shi wanda ya ce maka ta ragu, shekarunsa nawa?"

Na yi dariya, na ce mata wannan mutumin da kunnensa aka san shi.

Bayan kwanaki kaɗan, wata Asabar, na hau rufin da la'asar. Zannuwan otel sun cika igiyoyi, farare tas, suna ƙamshin sabulu da rana. Kawu yana zaune a kan bokitin da ya kife, yana ba ni labarin yadda ake gane sitacin da ya yi yawa. Yana cikin magana na ji ta. Daga gabas, can ƙasa-ƙasa, doguwa, har na ji ta a tafin ƙafata. Na dubi Kawu ina jiran yatsan nan ya tashi. Ya ci gaba da zancen sitaci. Ta sake yi, ta fi ta farko kusa.

"Kawu, cida."

Ya dubi bakina. A lokacin na lura cewa kullum bakina yake duba in ina magana, ba idona ba.

"Tirela ce," ya ce. "Kun saba da ƙasar da ba a tsawa, komai kuka ji sai ku ce hadari."

Ban yi masa musu ba, da ma na yi. Iskar ta zo kamar an buɗe mata ƙofa. Muka tashi da gudu, ni ina fizgo na wannan gefe, shi na wancan. Zane ɗaya ya naɗe masa fuska, ya taka ruwan sabulu, ya zame, ya faɗi ta baya har ƙugunsa ya bugi katangar. Na riƙo shi ta igiyar makullin da ke wuyansa da kafaɗar rigarsa. Muna nan a haka muka ga zannuwa biyu sun tashi sama, sun yi lilo, sun sauka a tsakiyar titi, wata mota ta bi ta kan ɗaya. A baranda ta gidan da ke fuskantarmu wata mata tana kwashe kayan 'ya'yanta cikin ruwa, tana waiwayen rufinmu.

Nas ta zo ta duba ƙugun, ta ce bai karye ba. Ta shafa masa magani, ta ja ni cikin shagon, kusa da teburin Inna. An rufe teburin da tsohon bargo, kwandon shuɗi yana ƙarƙashinsa ya yi ƙura.

"Ka ji da kunnenka yau, ko?" ta ce. Ba ta kira ni Malam Ƙanƙara ba.

Ta ba ni labarin a tsaye. Tana ƙarama Kawu ya yi wani zazzaɓi mai tsanani, ya tashi daga ciwon amma jinsa bai dawo duka ba. Magana in da ƙarfi yana ji, sauran ya cike da kallon baki. Tsawa yana ji. Cida ce ta ɓace masa. Kafin ciwon da kunnensa yake jin ta, sunan nan da guminsa ya same shi. Bayan ciwon, damina ta farko, Inna ce ta ji cida tana guga a ƙasa, ta jira ta ji motsin kwashe kaya a sama, shiru. Sai ta ajiye dutsen guga, ta ɗauki kwandon, ta hau hawa ukun nan, ta ajiye shi a matakalar ƙarshe, a bakin ƙofar rufi, ta sauko ba ta ce komai ba. Ba a jima ba ta ji muryarsa yana sanar da unguwa.

"Haka suka yi ta yi har ta kwanta ciwo," in ji Nas. "Da gwiwar nan tata. Wata rana gwiwar ta ƙi, ta ba ni kwandon, ta ce in ajiye in sauko, in na buɗe baki sai ta yanke mini harshe. Ranar na gane."

"Shi bai sani ba?"

"Ni na san masa? Ba su taɓa maganar ba, ko sau ɗaya. Ta rasu da rani, damina ta zo, sai ga shi yana cewa sama ta daina cida." Ta share hanci da bayan hannu. "Ni in na faɗa masa zai ce so nake in raba shi da rufin. Kai yake jin maganarka, kai ne mai takarda. Ka gaya masa sama lafiyarta ƙalau, kunnensa ne. Ko kuma ka ci gaba da gyaɗa masa kai, ka ga inda katangar nan ta tsaya."

Na kwana biyu ina juya abin. In na ce masa sama ce, zai zauna a rufin har ranar da ba wanda zai riƙo igiyar wuyansa. In na ce masa kunnensa ne, na karɓe masa sunan da unguwa ke kiransa da shi, na kuma gaya masa cewa matarsa ta yi shekaru tana rufa masa asiri bai sani ba. Na gwada jimlar a bakina ta hanyoyi da dama, ba wadda zan iya faɗa wa yayan mahaifiyata ina kallon fuskarsa.

Manajar otel ta ba shi dama ta ƙarshe, don ta san shi tun tana yarinya. Ranar da ya wanke zannuwan na ɗauki hutu daga ofis, na zauna a shagon, a kujerar Inna, jikin taga. Daga nan ne na gane dalilin da ya sa take ji. Tagar tana kallon wani lungu mai shiru, bayan hayaniyar titi, kuma gilashinta ɗaya ya saki, in sama ta yi gurnani sai ya ɗan kaɗa a cikin katakonsa. Rana ta karkata, gilashin ya kaɗa. Na jawo kwandon, na goge ƙurar, na hau.

Matakalar ta fi tsawo in kana tunanin wadda ta riƙa hawanta. Ƙofar rufin a buɗe take. Na ajiye kwandon a matakalar ƙarshe, na koma baya cikin duhun bene inda ba zai gan ni ba.

Ya fito daga tsakanin zannuwa da bokiti a hannu, ya ga kwandon, ya tsaya. Na jira yatsan ya tashi, bai tashi ba. Ya ajiye bokitin a hankali.

"Fito," ya ce.

Na fito.

"Nas ce ta faɗa maka."

Na gyaɗa kai.

Ya sunkuya ya juya kwandon, ya mayar da hannun da aka ɗaure da waya ta gefen bango. "Haka take ajiye shi, don kada wayar ta yanke ni in na zo ɗauka da sauri." Ya ɗago ya dubi bakina. "Kuna tsammani mutum zai yi shekaru yana ganin kwando kafin ya ji hadari, bai san wanda ke ji masa ba?"

"To me ya sa ka ce mini sama ce ta canza, Kawu?"

"Ka tambaye ni abin da ya canza. Na faɗa maka wanda bakina zai iya faɗa."

Ya miƙo mini gefe ɗaya na zanen farko. Muka kwashe igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, muna ninkewa, ba gudu. Ya nuna mini yadda ake haɗa kusurwa da kusurwa don kada guga ta yi wuya. A baranda ta gidan da ke fuskantarmu matar nan ta hango mu, ta kira 'yarta suka fara kwashe nasu. Tela ya ja kekensa ciki. Mun sauke kaya na ƙarshe, ya kulle ƙofar, sannan ɗigon farko ya bugi kwanon tanki.

A kan matakala na ce masa zan iya neman wanda zai riƙa zama a shagon yana hawo da kwandon. Akwai ma na'urar da ake sa wa a kunne, Nas ta san inda ake samu.

"Ka bar shi," ya ce. "Wanda aka ɗauka aiki zai hau ya ce, Baba, hadari. Zai faɗa da ƙarfi, kowa ya ji." Ya tsaya ya huta a hawa na biyu, hannunsa a ƙugu. "Damina ta uku ke nan ina duban bakin ƙofar nan. Yau na ga kwando, na ga kuma ba ita ta ajiye ba. Ya isa."

Ya goge zannuwan da kansa, ya kai wa manajar, ya ce mata ta nemi masu injin. Ya cire igiyar makullin daga wuyansa ya ba mai gida. Baho da dutsen guga ya bar wa wani da ya taɓa koyon aiki a hannunsa. Kwandon kawai ya ce a sa masa a mota.

Yanzu yana gidan Nas, a ɗakin da ba matakala. Ya yarda an sa masa na'urar kunnen, amma ya ce ƙarar cokali da kukan jikoki kawai take kawo masa, yawanci tana cikin aljihunsa. A tsohuwar unguwar mai gida ya ba wani kamfani hayar rufin sun kafa ƙarfen waya. Tela ya ce mini har yanzu in gari ya yi nauyi sai ya samu kansa yana ɗaga kai, ya ga ƙarfe.

Ni ina nan ina auna kwalbatoci, kuma har yau ban san iyakar abin da ya canza a sama ba. Nakan biya wurinsa in na tashi daga aiki. In damina ce muka zauna a baranda, ya ga ganyen bishiyar gidan ya fara juyawa, sai ya taɓa gwiwata, ya dubi bakina.

"Ta yi cida?"

"Ta yi, Kawu."

"Da nisa?"

"Da ɗan nisa."

Sai ya gyaɗa kai, ya kira Nas ta kwashe kayan yara daga igiya.